“Maganin bai karɓe ni ba”: yadda boren jiki yake bambanta daga wannan magani zuwa wancan

Jimla guda ce muke rufe abubuwa da yawa da ita. Wanda ya yi amai bayan ya sha ƙwaya, da wanda ya kwana yana susa, da wanda numfashinsa ya sarƙe minti biyar bayan allura, da wadda fatarta ta saɓule kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, dukansu cewa ake yi maganin bai karɓe su ba. A wurin likitoci waɗannan cututtuka ne daban-daban. Kowace tana da magungunan da suka fi haddasa ta, da lokacin da take bayyana, da sashen jikin da take kai wa hari, da kuma hanyar ceto. Abin da zai ceci mutum na uku cikin minti ɗaya ba zai yi wa ta huɗu amfanin komai ba.

An bar yawancin sunayen magunguna a nan yadda suke rubuce a jikin kwali, domin mai karatu ya gane su idan ya gan su.

Mai zuwa cikin mintuna

Mafi gaggawa shi ne wanda likitoci ke kira anafilaksis. Garkuwar jiki ta riga ta haɗu da maganin, ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, ta kuma tanadi makami a kansa. Da ya sake shiga jiki sai wasu ƙwayoyin garkuwa su saki histamin da sauran sinadarai gaba ɗaya. Borin jini ya feso, leɓe da harshe su kumbura, maƙogwaro ya tsuke, jini ya faɗi ƙasa, mutum ya yanke jiki. Yawanci hakan na faruwa cikin awa ɗaya, kuma idan ta jijiya aka ba da maganin ya fi sauri. Wani nazari da aka buga a Birtaniya a shekarar 2000 kan mutanen da wannan abu ya kashe ya nuna cewa matsakaicin lokaci tsakanin ba da magani da tsayawar numfashi ko zuciya minti biyar ne, alhali na harbin ƙudan zuma da danginsa minti goma sha biyar ne, na abinci kuma rabin awa.

Dangin fenisilin ne suka fi suna a nan: amoxicillin, Ampiclox, Augmentin, da allurar benzathine. Sai ceftriaxone da ’yan uwansa, sai wasu magungunan da ake ba mutum a ɗakin tiyata domin tsokarsa ta saki. Akwai kuma maganin dafin maciji, wanda daga jinin doki ko tunkiya ake samar da shi. Asibitoci irin na Kaltungo a jihar Gombe, inda ake kai waɗanda kububuwa ta sara, sun san cewa maganin da ke ceton rai yana iya jawo bore nan take, kuma yana iya dawowa bayan mako ɗaya ko biyu da zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi. Ba a fasa bayar da shi saboda haka, sai dai a bayar da allurar ceto a kusa.

Allurar ceton ita ce adrenaline. Babban mutum ana yi masa rabin miligiram a tsokar gefen cinya, a maimaita bayan minti biyar idan bai farfaɗo ba, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, kada a bari ya miƙe tsaye. Piriton da hydrocortisone, waɗanda hannu ya fi saurin kaiwa gare su a wurare da yawa, ba sa buɗe maƙogwaro kuma ba sa ɗaga jini a cikin waɗannan mintuna. A 2021 ma hukumar da ke tsara ƙa’idojin farfaɗo da marasa lafiya a Birtaniya ta cire hydrocortisone daga matakan farko. Adrenaline tsohon magani ne mai araha, yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa duk inda ake yin allura, asibiti ne ko shago, ita ce ko suna da shi, kuma ko bai lalace ba.

Sai dai akwai kuskure ta ɗaya ɓangaren. A Amurka kusan mutum ɗaya cikin goma yana cewa fenisilin bai karɓe shi ba, amma idan aka gwada, fiye da tara cikin goman nan suna shan sa lafiya. Wasu ƙurajen wata cuta ce suka fito musu suna yara aka ɗora wa maganin, wasu gudawa kawai suka yi, wasu kuma boren ya gushe, domin kusan kashi 80 cikin ɗari na masu shi suna rabuwa da shi bayan shekara goma. Wannan tambari na ƙarya yana da tsada. Fenisilin ne ake ba yara masu sikila domin kare su daga cututtuka, shi ne kuma maganin da aka tabbatar yana kare jariri daga ciwon tunjere idan uwa tana ɗauke da shi. Wanda aka hana shi bisa zato yakan koma ga magani mafi tsada, wani lokaci kuma mafi rauni.

Masu kama da shi, amma hanyarsu daban

Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna iya tayar da asma mai tsanani ko kumburin fuska, amma a yawancin masu wannan matsala ba ƙwaya guda garkuwar jiki ta riƙe a rai ba. Aikin da magungunan suke yi na toshe wani sinadari ne yake karkatar da jiki zuwa samar da abubuwan da ke tsuke hanyar iska. Ma’anar wannan a aikace ita ce wanda asfirin ya shaƙe, ibuprofen ma zai iya shaƙe shi ko da bai taɓa shan sa ba. Masu asma da ke da tsiro a cikin hanci su suka fi shiga haɗari. Yawancinsu suna shan farasitamol ba tare da matsala ba.

Lisinopril da danginsa, magungunan hawan jini da ake rubutawa ko’ina, suna da nasu salon. Leɓe ko harshe ya kumbura babu ƙaiƙayi, babu borin jini, kuma hakan na iya faruwa bayan mutum ya yi watanni ko shekaru yana shan maganin lafiya, shi ya sa ba a cika zarginsa ba. Sinadarin da ke taruwa a nan sunansa bradykinin, don haka Piriton ba ya tasiri, adrenaline ma ba ya aiki yadda yake yi a anafilaksis. Abin da ake yi shi ne a kiyaye hanyar numfashi a asibiti, a kuma daina maganin har abada. Bincike a Amurka ya nuna baƙar fata sun fi farar fata fuskantar wannan kumburi da ninki uku zuwa biyar, abin da ya kamata duk mai rubuta maganin hawan jini a ƙasar nan ya riƙe.

Biyu kuma ba bore ba ne ko kaɗan, ko da yake a baki ɗaya ake kiran su. Ƙaiƙayin kulorokwin, wanda duk wanda ya girma kafin Najeriya ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro a 2005 ya sani, yana damun baƙar fata da yawa, yana hana barci kwana biyu ko uku, amma ba ya kisa. Na biyun ya fi haɗari: ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, wanda ake gado, kuma ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma. Mai shi idan ya sha primaquine ko dapsone, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, idonsa ya yi shawara. Wannan yana iya buƙatar ƙarin jini, kuma babu abin da maganin borin jini zai yi masa.

Mai jinkiri, wanda ya fi yaudara

A 1922 wasu likitocin yara biyu a Amurka, Albert Stevens da Frank Johnson, suka bayyana ciwon wasu yara maza biyu masu zazzaɓi da ƙuraje da gyambon baki da idanu masu ruwa. A 1956 wani likitan fata a Birtaniya, Alan Lyell, ya bayyana nau’in da ya fi muni, inda fata ke saɓulewa kamar ta ƙuna. A yau ana ɗaukar su ciwo ɗaya mai matakai. Idan fatar da ta saɓule ba ta kai kashi 10 cikin ɗari na jiki ba, ana kiran sa ciwon Stevens-Johnson, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma yake mutuwa. Idan ta haura kashi 30, ana kiran sa TEN, kuma mutuwa takan kai kusan ɗaya cikin uku.

Yaudararsa tana cikin lokacinsa. Yakan bayyana ne tsakanin kwana 4 zuwa 28 da fara shan magani, kuma yana farawa da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, jan ido da ciwon jiki. A ƙasar da kowane zazzaɓi maleriya ne har sai an tabbatar da akasin haka, abin da ke biyo baya sananne ne: a ƙara wani magani a kan wanda ya haddasa ciwon, shi kuma a ci gaba da shan sa. Idan ƙuraje suka fito a ce ƙyanda ce ko ƙarambau. Daga baya, idan ana neman mai laifi, sai a kama maganin da aka sha jiya saboda zazzaɓin, a bar wanda aka fara mako uku da suka wuce. Akwai ƙarin matsala ga masu baƙar fata. Yawancin hotunan littattafan likitanci na farar fata ne, inda ƙurajen ke fitowa ja jawur. A jikinmu sukan zama duhu-duhu, masu kama da shuni, kuma ido bai cika kama su da wuri ba. Alamomin da suka fi amfani su ne fata mai zafi idan an taɓa, da bororo, da gyambo a leɓe ko ido ko al’aura.

Magungunan da suka fi haddasa shi ba su da yawa, kuma an san su. Akwai dangin sulfa, wato Septrin da Fansidar. Akwai magungunan farfaɗiya: carbamazepine, phenytoin, phenobarbitone da lamotrigine, kuma wanda ɗaya daga cikin ukun farko ya yi wa illa yana cikin haɗari da sauran biyun saboda kamannin gininsu. Akwai allopurinol na ciwon kumburin gaɓoɓi, da nevirapine na cuta mai karya garkuwar jiki, da piroxicam, wanda aka fi sani da Feldene kuma ake sha don ciwon jiki kamar ba komai ba. Adrenaline ba shi da aiki a nan. Abin da aka tabbatar yana rage mutuwa shi ne dakatar da maganin da wuri, sannan a kula da mara lafiya kamar wanda ya ƙone: ƙarin ruwa, tsaftar rauni, ɗumi, da likitan ido tun ranar farko, domin da yawa daga waɗanda suka rayu da makanta ko bushewar ido suke ƙarewa. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. A 2016, lokacin da ministan lafiya Farfesa Isaac Adewole ya ja hankalin jama’a a kansa, jaridu da dama sun ba da labarin kamar wata sabuwar annoba ce ta ɓarke, alhali ciwon ya kusa shekara ɗari a littattafai.

Yadda ake shan magani ma yana sauya haɗarinsa, kuma Fansidar ne misali. A farkon shekarun 1980 an shawarci Amurkawa matafiya su riƙa shan sa kowane mako don rigakafi. Aka ƙiyasta cewa yana kashe mutum ɗaya cikin 11,000 zuwa 25,000 ta hanyar saɓulewar fata, aka janye shawarar a 1985. Amma wannan sinadari ne dai ake ba mata masu juna biyu, shi ne kuma ake haɗawa da amodiaquine a ba yara ’yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata lokacin damina a yankin Sahel, tun bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012. A wannan tsari mummunan bore yana da wuyar samu ƙwarai, maleriyar da ake karewa kuma tana kashe yara dubbai. Sharaɗin shi ne kada a ba yaron da ke shan Septrin, ko wanda sulfa ya taɓa yi wa illa. Iyaye suna da haƙƙin a yi musu wannan tambaya a bakin ƙofa kafin a miƙa ƙwayar. Kuma akwai gargaɗin da jiki kan bayar: wani baƙin tabo zagayayye da ke fitowa a wuri guda, sau da yawa a leɓe ko al’aura, duk lokacin da aka sha Septrin ko Fansidar. Mai irin wannan tabo ya kamata ya faɗa wa duk mai rubuta masa magani.

Akwai na biyu a cikin masu jinkiri, wanda ake kira DRESS. Shi yakan ɗauki mako 2 zuwa 8, fuska ta kumbura, kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya ƙi sauka, amma ɓarnar tana ciki. Inda take sauka ya danganta da maganin: allopurinol ya fi taɓa ƙoda, dapsone da ake ba masu kuturta da kuma magungunan farfaɗiya sun fi taɓa hanta. Yana iya ci gaba makonni bayan an daina maganin. Masu tarin fuka suna cikin tsaka mai wuya a nan, domin magunguna huɗu ne a dunƙule a ƙwaya ɗaya, kuma ba za a iya barin ciwon babu magani ba. Likitoci a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun daɗe suna dakatar da duka huɗun, sannan su mayar da su ɗaya bayan ɗaya a gadon asibiti har a gano mai laifin.

Gado, da tambayar waye aka bincika

A 2004 masu bincike a Taiwan suka gano cewa kusan duk ’yan ƙabilar Han da carbamazepine ya saɓule wa fata suna ɗauke da wata alamar gado mai suna HLA-B*15:02. A 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a gwada ’yan asalin Asiya kafin a ba su maganin, kuma daga 2010 inshorar lafiya ta Taiwan ta fara biyan kuɗin gwajin. Haka aka gano HLA-B*58:01 ga allopurinol, da HLA-B*13:01 ga dapsone, da HLA-B*57:01 ga abacavir, maganin da idan ya taɓa yi wa mutum bore aka sake ba shi yana iya kashe shi cikin sa’o’i.

Amma alamar da ta ceci rayuka a Taiwan ba a cika samun ta a jikin ’yan Afirka ba, don haka gwajinta ba zai kare mai farfaɗiya a Kano ba. Ta allopurinol kuwa ana samun ta a baƙar fata, har ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta ba da shawara a 2020 a riƙa gwada baƙaƙen fatar ƙasar. Inda aka yi binciken a Afirka an samu amsa: a Malawi aka danganta saɓulewar fata daga nevirapine da alamar HLA-C*04:01. Ilimin yana bin inda aka zuba kuɗin bincike ne.

Tarihin thiacetazone ya nuna abin da kan faru idan araha ta yanke hukunci. Maganin tarin fuka ne da ƙasashe masu arziki suka yi watsi da shi, aka ci gaba da bayar da shi a Afirka saboda sauƙin kuɗinsa. Da cuta mai karya garkuwar jiki ta yaɗu, wani bincike da aka buga a 1991 daga Nairobi ya nuna cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na masu ɗauke da ita sun samu boren fata daga maganin, sauran kuma kashi ɗaya kacal, wasu sun mutu. An ɗauki shekaru kafin a cire shi daga shirye-shiryen ƙasashe. Nevirapine ma ya daɗe yana cikin magungunan farko a nahiyar, duk da sanin illarsa ga fata da hanta musamman ga mata, kafin dolutegravir ya zama zaɓin farko ga kowa a shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019.

Wa yake ƙirgawa

Bayan bala’in thalidomide, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido kan illolin magunguna a 1968, wanda rumbun bayanansa yake birnin Uppsala na Suwidin. Najeriya ta shiga a 2004 ta hannun NAFDAC, wadda ke da takardar rahoto mai launin rawaya, da manhajar waya mai suna Med Safety da aka ƙaddamar a 2020, kuma kowa yana iya aika rahoto, ba ma’aikacin lafiya kaɗai ba. Duk da haka, zuwa 2015 rahotannin Afirka gaba ɗaya ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ke rumbun ba. Babu mai hankalin da zai ce magunguna sun fi tausaya mana ne. Ba a rubutawa, abin da ba a rubuta ba kuma ba ya shiga kasafin kuɗi ko jerin magungunan da gwamnati za ta saya.

Dokar ƙasa ta ba masu ƙananan shagunan magani izinin sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai, ƙarƙashin kulawar hukumar PCN. Kowa ya san Septrin da Ampiclox da Feldene suna fita daga waɗannan shaguna da tiren masu talla a tasha babu tambaya. Mafi muni shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda, ƙwaya huɗu ko biyar babu kwali babu suna. Wanda haɗi ya yi wa illa ya rasa abu ɗaya da zai kare shi nan gaba, wato sunan abin da ya sha.

Shi ya sa bayanin da likita yake buƙata ya wuce “bai karɓe ni ba”. Yana buƙatar sunan maganin yadda yake a kwali, ko kwalin kansa, ko hotonsa a waya. Yana buƙatar ranar da aka fara sha da ranar da alamar farko ta bayyana, da jerin duk abin da aka sha cikin mako takwas da suka gabata har da na gargajiya, da kuma abin da ya faru: amai ne, ƙaiƙayi ne, shaƙewa ce, ko fata da baki ne suka yi gyambo. Wanda ya yi ’yan ƙuraje yana yaro bayan amoxicillin ana iya gwada shi a asibiti a cire masa tambarin. Wanda fatarsa ta taɓa saɓulewa, ko hantarsa ta taɓu, ba a sake gwada masa wannan magani a gida ko a shago ko da rabin ƙwaya ne, kuma sunan maganin ya kamata ya kasance a katin asibitinsa da wata takarda a aljihunsa, iyalinsa ma su san shi.